Yadda Ake Shirya wa Malaman Makaranta Ziyarar Ilimi Zuwa Unguwannin Yahudawan Maroko

Mutanenmu da yawa sun san birnin Fas saboda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Suna zuwa su yi ziyara, su yi sallah a masallacin Ƙarawiyyin, su sayo jallabiya da takalmin fata su dawo. Kaɗan ne suka san cewa daga ƙofar zawiyar, tafiyar da ba ta kai awa guda a ƙasa ba, akwai unguwar da ake kira Mallah, inda Yahudawan birnin suka zauna shekara ɗari biyar a gindin katangar fadar sarki. Malamin tarihi ko na addini da ya je Fas bai leƙa nan ba, ya bar rabin darasinsa a baya.

Ga yadda ake haɗa irin wannan tafiya ga ayarin malamai, daga ranar da aka fara maganar har ranar da aka koma gaban allo.

Ku fara da tambaya ɗaya

Kafin a yi maganar biza ko tikiti, ku zauna ku tsayar da tambayar da za ku je nemo amsarta. In babu ita, tafiyar za ta koma yawon buɗe ido da ɗaukar hoto. Tambayar da na ga ta fi riƙe ayari ita ce: yaya Yahudawa suka rayu ƙarƙashin sarakunan Musulmi sama da shekara dubu, kuma me ya sa akasarinsu suka tashi cikin shekara ashirin kacal? A ƙarshen shekarun 1940 sun kai kimanin 250,000 a Maroko. Yau ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, akasarinsu a Kazablanka.

Tambayar tana da reshe da ya taɓo mu kai tsaye. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin nan kan abin da ya wajaba ga sarakuna, kafin zuwansa ya yi rikici mai zafi da Yahudawan Tuwat, a cikin Aljeriya ta yau. Shi ya jagoranci rushe majami'arsu ta Tamantit wajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, al-Asnuni, bai yarda da shi ba. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis tambaya, wasu suka goyi bayan Magili, wasu suka ce masu zimma, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin amanar daular Musulunci, suna da haƙƙin riƙe wurin ibadarsu. Fatawoyin suna nan a cikin littafin Mi'iyar na al-Wansharisi, wanda shi kansa a Fas ya ƙare rayuwarsa. Ke nan malamin Kano ko Katsina da ya tsaya a Mallah ba baƙon labari ya je ji ba. Bakin zaren yana unguwar Sharifai.

Zaɓen 'yan tafiya, da maganar da ba a so a yi

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Majami'un da za ku shiga ƙanana ne, lungunan ma sirara, ayari mai mutum talatin sai dai rabinsa ya tsaya a waje yana jin ƙarshen bayani. Ku cakuɗa: masu koyar da tarihi, da na ilimin addinin Musulunci, da na Kirista in akwai, da malamin labarin ƙasa. Lallai a samu aƙalla mutum biyu masu Larabci da ɗaya mai Faransanci. A nan malaman Nijar suke da rana, don allunan bayani da yawa da Faransanci aka rubuta su. Mai Larabcin makaranta kuma ya sani cewa Darija, wato Larabcin titi na Maroko, zai ba shi wuya a kwanakin farko, amma in ya yi fusha, wato Larabcin littafi, za a gane shi.

Sai maganar da ba a so a yi. Da zarar an ji kalmar Yahudawa, wani a kwamitin iyaye ko a ofishin ilimi zai tambaya ko wa ya ɗauki nauyinku, kuma ina kuka bar zancen Falasɗinu. Kada ku ji haushi, kuma kada ku yi ƙumbiya-ƙumbiya. Ku rubuta takarda shafi ɗaya: ga wuraren da za mu je, ga tambayar da muke bi, ga inda kuɗin ya fito, ga darussan da za mu dawo da su. Ku faɗa a fili cewa abin da za ku nazarta tarihin mutanen da suka zauna da Musulmi ne tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da ƙarnuka masu yawa, kuma kowa yana nan da ra'ayinsa kan siyasar yau. Shugaban makarantar da aka ba shi wannan takarda tun farko yakan zama mai kare ku. Wanda ya ji labarin a bakin wasu, shi ne zai riƙe takardar izini.

Lokaci: kalanda uku za ku duba

Ta makaranta, ta Musulunci, da ta Yahudawa. Dogon hutun Agusta ya fi sauƙin samun izini, amma zafin Marakish da Fas a watan yakan haura digiri 40. Bahaushe ya san zafi, sai dai yawon ƙafa na awa biyar a cikinsa daban ne. Hutun Disamba akwai sanyi na gaske, gidajen saukar baƙi na tsohon gari kuma ba duka ke da abin ɗumama ɗaki ba. Hutun Afrilu ya fi daɗi, in bai faɗa cikin azumi ko Idin Ƙetarewa na Yahudawa ba, wanda yake zuwa a Maris ko Afrilu. Ku guji tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin manyan bukukuwansu ne, wurare suna rufewa ko su cika da masu ziyara.

Abin da ya fi kama mutane shi ne Asabar. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar hutun ibada ne gare su, kada ku sa ran gidan tarihi ko majami'a za su buɗe muku. Dabarar ita ce ku ba Juma'a ga masallaci da zawiya, Asabar kuma ku yi doguwar tafiyar jirgin ƙasa a cikinta.

Takardu da kuɗi

A fara da wata huɗu kafin tashi. Kowa ya duba fasfo ɗinsa, ya kasance da sauran aƙalla wata shida. 'Yan Najeriya suna buƙatar biza, ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Ku tura mutum ɗaya ya karɓo jerin abin da ake nema a rubuce, sannan a shigar da takardun ayarin gaba ɗaya tare da wasiƙar makaranta ko hukumar ilimi mai sunan kowa, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Katin rigakafin shawara ya kasance a cikin fasfo. A yanki inshorar lafiya ta tafiya ga kowa.

Jirgin Royal Air Maroc yana zuwa Kazablanka daga Legas da Yamai, tafiyar 'yan awoyi ce ba sauka. Kuɗin ƙasar dirhami ne, kuma a can ake canza shi, don haka ku tafi da yuro ko dala. Kada ku dogara da katin banki na gida shi kaɗai.

Wajen lissafi, ku raba kasafin gida bakwai: tikiti, biza da inshora, masauki, jirgin ƙasa da mota, abinci, ladan ɗan jagora, sai kuɗin shiga da ihsani ga masu gadin wurare. Ku ɗora kashi goma cikin ɗari a kai saboda canji ba ya zama wuri ɗaya. Adashi na wata goma da rancen ƙungiyar taimakon juna ta malamai su ne ginshiƙi. In tsofaffin ɗalibai ko wata gidauniya za su taimaka, madalla, amma ku san sunanta da sharaɗinta, ku kuma rubuta su a waccan takarda mai shafi ɗaya. Ma'aji ɗaya, littafi ɗaya, a karanta shi kowane dare.

Karatu kafin tashi

Zama huɗu, mako-mako. Na farko a kan zimma da jizya a fiƙihun Malikiyya: me aka ba su, me aka hana su. Na biyu a kan 1492, shekarar da sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa bayan faɗuwar Garnaɗa, dubbai suka tsallako Maroko. Waɗanda suka zo ana ce musu Megorashim, korarru, 'yan ƙasa na asali kuma Toshabim, kuma sun daɗe suna saɓani kan yanka da al'adun aure. Zama na uku a kan Magili da fatawoyin Tuwat. Na huɗu a kan ƙarni na 20: mulkin mallakar Faransa daga 1912, dokokin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙaurar da ta biyo baya.

A zama na ƙarshe kowane malami ya karɓi wuri ɗaya da zai yi wa ayari bayanin minti goma idan an isa. Wanda ya san zai tsaya gaban abokan aikinsa ba ya zuwa hannu rabbana.

Hanyar da za a bi

Kwana goma sun isa. Ku sauka Kazablanka Lahadi, Litinin ku tafi Gidan Tarihin Yahudancin Maroko da ke unguwar Oasis. An buɗe shi a 1997, Simon Levy ne ya tsaya a kansa, ginin kuma asalinsa gidan marayun Yahudawa ne. Ba shi da girma, awa biyu sun wadatar. Ku tsaya a kan kayan maƙeran zinariya da azurfa, da babbar rigar amarya mai aikin zaren zinariya, da takardun da aka rubuta Larabci da haruffan Ibrananci. Wannan na ƙarshe ne yake kama malaman Hausa. Kamar yadda kakanninmu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta Hausa da ajami, haka su ma suka ɗauki haruffan littafinsu suka rubuta harshen kasuwa da na gida. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu haifaffen Kurɗuba, wanda ya zauna a Fas a shekarun 1160 kafin ya wuce Masar ya zama likita a fadar Salahuddin, da irin wannan rubutun ya yi littafinsa Dalalatul Ha'irin.

Talata ku hau jirgin ƙasa zuwa Fas, kimanin awa huɗu. Nan ne zuciyar tafiyar, ku ba ta kwana uku cur.

Mallah ta Fas ita ce ta farko a ƙasar, ana danganta kafuwarta da 1438. Sunan daga gishiri ya fito, milhu, saboda ƙasar wurin mai gishiri ce, daga baya kowace unguwar Yahudawa a Maroko ta gaji sunan. Kafin ku shiga kowane gini, ku tsaya a babban titin ku ɗaga kai. Gidajen tsohon birni bayansu suke ba titi, tagogi suna kallon tsakar gida, kamar gidajenmu na cikin birni. Na Mallah kuwa suna da baranda ta katako mai leƙen titi. Sannan ku juya ku dubi katangar fada, ku tambayi kanku: kusancin nan kariya ne ko tsarewa? Duka biyun ne, kuma muhawarar da za ta tashi a nan ta fi duk wata lacca. Sarki yana kare su don yana buƙatar harajinsu da sana'arsu da tafintocinsu. Ranar da sarki ya faɗi kuwa, su ne a bakin ƙofa. Haka ta faru a tawayen 1465, haka kuma a Afrilun 1912 lokacin da sojoji suka yi bore kan yarjejeniyar Faransa aka wawushe unguwar, mazaunanta suka fake a cikin fada.

Daga nan sai majami'ar Ibn Danan ta ƙarni na 17. Ku nemi a nuna muku ma'ajiyar naɗin Attaura, da dandamalin da ake karatu a kai, da wurin zaman mata a sama, sannan ku sauka matakala zuwa kwarmin ruwan wankan tsarki da ke ƙasa. Malamin fiƙihu zai sami abin kwatantawa da babin ɗahara har ya gaji. Kusa akwai majami'ar Salatul Fasiyyin, wadda aka gyara aka sake buɗewa a 2013. Maƙabarta tana gangare, kaburbura farare fat a jere. A ciki akwai na Sulaika, budurwa 'yar Tanja da aka fille wa kai a Fas a 1834 bisa zargin ta musulunta ta koma, ita kuwa ta ce ba ta taɓa barin addininta ba. Wuri ne mai nauyi. Kada ɗan jagora ya wuce da ku da sauri, kada kuma ku bar wani a ayarin ya mai da shi wurin gardama. A yi shiru, a rubuta, a tattauna da dare.

Alhamis ku ɗauki mota zuwa Safru, ƙaramin gari kimanin kilomita 30 daga Fas, wanda a da Yahudawa suka yi yawa ƙwarai a cikinsa. Juma'a taku ce: Ƙarawiyyin, zawiya, kasuwa.

Asabar jirgin ƙasa zuwa Marakish, awa shida zuwa bakwai. Ku sayi tikiti tun kwana biyu kafin nan don ku sami kujeru wuri ɗaya. Mallah ta Marakish ta 1558 ce, zamanin daular Sa'adiyawa. Akwai majami'ar Salatul Azama da babbar maƙabartar Mi'ara. An taɓa sauya wa unguwar suna zuwa Hayyus Salam, a 2017 Sarki Muhammad na Shida ya sa aka mayar da tsohon sunan. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta taɓa unguwar sosai, don haka ku sa ɗan jagora ya tabbatar muku abin da yake buɗe tun kafin ku zo. Kangon fadar Badi yana maƙwabtaka, ta Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta karya Songhai a Tondibi a 1591, aka kuma kawo Ahmad Baba na Tambutu birnin a tsare. Awa ɗaya a nan ba asara ba ce.

Ƙarshe Sawira, wadda Turawa ke kira Mogador, kimanin awa uku a bas daga Marakish. Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ya gina ta a shekarun 1760, ya kawo attajiran Yahudawa da ake kira tujjarus sulɗan su riƙe cinikin waje. Kayan ayarin Tambutu, gashin jimina da ƙaro da hauren giwa, ta nan suke shiga jirgin ruwa. Ku ziyarci gidan tarihin Baitud Dakira da aka buɗe a Janairun 2020, da majami'ar Rabbi Hayim Pinto. Garin yana da iska mai sanyi ko da rani, a tafi da rigar sanyi.

Ladabin shiga

Ɗan jagora ya zama mai lasisin hukuma, da katinsa a wuya. Masu tare mutum a bakin ƙofa suna cewa an rufe wurin, zo in kai ka wani, ku ba su haƙuri ku wuce. Maza su rufe kai a majami'a da maƙabarta. Hular zanna ko ƙube ta wadatar, ba sai an ari ƙaramar hularsu ba. Ba a cire takalmi, wannan yakan ba mutanenmu mamaki. Kada a taɓa naɗin Attaura. Tsakuwar da za ku gani a kan kaburbura alamar ziyara ce, a bar ta inda take. A nemi izini kafin hoto, musamman na mutane. A riƙe fasfo, wasu wuraren akwai 'yan sanda a ƙofa. In lokacin sallah ya yi, masallaci bai taɓa nisa ba, a fita a yi.

Za ku tarar cewa masu riƙe da makullan wurare da yawa Musulmi ne, wasu ma gadon aikin suka yi daga iyayensu. Ku gaishe su sosai, ku ba su ihsani, ku tambaye su abin da suka ji daga tsofaffi game da Mimuna, bikin daren ƙarshen Idin Ƙetarewa da maƙwabta Musulmi ke kai wa Yahudawa gari da man shanu da zuma. Sai ku lura kuma cewa mai ba da labari yana son baƙo ya ji daɗi.

Abu ɗaya da ya kamata a ja wa kowa kunne a kai tun daga gida: a bakinmu kalmar bayahude ta zama zagi, ana jifan marowaci ko mugu da ita. Wasa irin wannan a cikin mota, gaban direba ko mai gadi, zai iya zubar da mutuncin ayari duka.

Zaman dare

Bayan isha'i, minti arba'in. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani da idonsa, abu ɗaya da aka gaya masa, da tambaya ɗaya da ta rage masa. A raba ukun a littafi. Misali, za a gaya muku sau da yawa cewa Sarki Muhammad na Biyar ya kare Yahudawansa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Gaskiya ne ba a kwashe Yahudawan Maroko zuwa sansanonin kisa na Turai ba, kuma suna girmama shi har yau. Gaskiya ne kuma an fitar da dokokin wariya na Vichy a ƙasar a 1940 da 1941, aka rage musu ayyuka da guraben makaranta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, a rubuta duka biyun. Haka zancen ƙaura: akwai kiran Sahayoniyanci, wato yunƙurin tara Yahudawa a Isra'ila, akwai tsoro bayan tarzomar Wujda da Jarada a 1948, akwai talauci, akwai rashin tabbas bayan 'yancin kai a 1956. Tsakanin 1961 da 1964 kaɗai kusan mutum dubu ɗari suka tafi Isra'ila, wasu kuma Faransa da Kanada suka nufa.

Bayan an dawo

Cikin mako biyu, kafin abin ya huce, kowane malami ya miƙa tsarin darasi ɗaya na minti arba'in, da hotuna uku zuwa biyar, da tambayoyin aji. Ma'aji ya rufe littafinsa gaban kowa. A kai wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye rahoto, a gayyaci wanda ya fi kowa tuhuma tun farko ya zauna a darasin gwaji.

Darasin da ya fi saurin shiga ga 'yan babbar sakandare shi ne na Tuwat. A raba aji gida uku: ɓangaren Magili, ɓangaren alƙali al-Asnuni, da majalisar malaman Fas da za ta saurara. A ba kowane ɓangare hujjojinsa a takarda rabin shafi, a manna taswirar da ta nuna Fas, Tilimsan, Tamantit, Agadas, Kano da Gawo, a ja zare a kan hanyar da Shehun ya bi. Minti goma ga kowane ɓangare, minti goma ga majalisa. Ga 'yan ƙaramar sakandare kuwa, hoton takardar Larabci da haruffan Ibrananci a gefe ɗaya, shafin waƙar ajami a ɗaya gefen, sai a ce kowa ya rubuta sunansa da na unguwarsu da boko da ajami, ya kawo gobe.